Layi Na Goma Sha Biyu

Akwai wani mutum mai suna Habila, wanda aikinsa gyaran adireshi ne. Ba adireshin gidajen mutane ba, adireshin abubuwan da ke cikin kwamfuta. Na ga wasu iyayenmu sun fara ɗaure fuska da jin kalmar kwamfuta. Ku kwantar da hankalinku, ba jarrabawa zan yi muku ba.

Cikin kwamfuta kamar babban gida ne mai ɗakuna da yawa. A cikin ɗaki akwai wani ɗaki, a cikin wannan ma akwai wani, can ciki kuma sai ka tarar da abin da aka ajiye, wanda ake kira fayil. Idan kana neman fayil, sai an gaya maka ɗakunan da za ka ratsa ɗaya bayan ɗaya. Jerin sunayen ɗakunan nan shi ne adireshin. In aka kuskure ɗaki ɗaya, ka ɓata ke nan.

Habila da abokan aikinsa biyar suna tattaro manhajoji daga wurin masu rubuta su a ƙasashe dabam-dabam, waɗanda ke bayarwa kyauta. Sai su shirya su wuri ɗaya cikin wani tsari da suka sa wa suna Rumbu, su ɗora a kan tsofaffin kwamfutoci, su raba wa makarantu da ƙananan asibitoci da majami'u na ƙauyukan da intanet ba ya kaiwa. Kowace manhaja tana zuwa da shafin jagorarta a ciki, inda mai ita ya rubuta yadda ake aiki da ita da inda kowane fayil yake. To amma kowane marubuci da irin shirin gidansa. Shi ya ajiye abu a ɗakin kudu, su kuma a Rumbu ƙa'idarsu ta ce irin wannan abu ɗakin arewa yake zama. Da zarar sun kwashe kayan sun sauya musu ɗaki, sai shafin jagora ya zama yana faɗin abin da ba haka yake ba, ko da yake ranar da aka rubuta shi gaskiya ya faɗa. Aikin Habila shi ne ya bi shafin, ya goge tsohon adireshi, ya sa sabo.

Gaskiya Habila gwani ne. Ko daga barci ka tashe shi ka tambaye shi ina fayil kaza yake a Rumbu, zai gaya maka bai ko murza ido ba. Amma aikin nan na gyaran shafi bai cika yi masa daɗi ba. Wanda ya sa hoto mai kyau a fuskar kwamfuta kowa na yaba masa. Wanda ya gyara adireshi kuwa, wa ya taɓa ce masa sannu?

Wata rana aka kawo wata manhaja, suka sa mata suna Ma'aji. Aikinta ɗaya ne: ta kwafi duk abin da mutum ya rubuta ko ya naɗa, ta ajiye masa a wani wuri dabam, don ko kwamfuta ta lalace kada aikinsa ya bi ta. Suka sauya wa fayilolinta ɗaki bisa ƙa'idarsu, aka miƙa wa Habila shafin jagora.

Habila bai zauna karatu ba. Ya ba injin, wato kwamfutarsa, umarni guda: duk inda ka ga tsohon adireshi, mai da shi sabo. Kafin ya ɗauke yatsa, injin ya amsa cewa ya gyara wuri goma sha ɗaya.

Shugaban aikin, wani dattijo mai suna Malam Filibus, yana wucewa ta bayansa, ya tsaya ya ce, “Habila, ka karanta shafin?”

Ya ce, “Malam, injin ya ce goma sha ɗaya.”

“Ba injin na tambaya ba.”

Habila ya yi dariya ya ce, “Zan duba, Malam.”

Bai duba ba. Ba mugunta ba ce, ba kuma raini ba. Azahar ta yi, yunwa na cinsa, mai shinkafa da wake ta iso bakin ƙofa, akwai kuma wasu shafuka tara suna jiransa. Ya rufe wannan ya buɗe na gaba.

Ashe wuraren goma sha biyu ne. Na ƙarshen yana can ƙasan shafi. Adireshin ya yi wa marubucin tsawo, sai ya karya shi biyu, rabi a ƙarshen layi, rabi a farkon layin da ke bi. Injin kuwa cikakken adireshi aka ce ya nema, da ya ga rabi sai ya wuce abinsa. Shi inji ba ya tunani, abin da aka ce masa shi yake yi. Abin takaicin shi ne, goma sha ɗayan da aka gyara duk na sani ne kawai: ga inda manhajar take zaune, ga inda take rubuta rahotonta, da sauransu. Ba wanda zai taɓa su. Na goma sha biyun shi kaɗai ne yake gaya wa mutum ya yi wani abu da hannunsa. Cewa ya yi: je ka ɗaki kaza, ka buɗe fayil kaza, in babu shi ka ƙirƙira, ka rubuta a ciki inda kake so a riƙa ajiye maka kwafin aikinka.

Aka raba kwamfutocin. Shekara biyu suka wuce. Habila kansa yana aiki da Ma'aji kowane mako, bai taɓa samun matsala ba. Ina zai samu? Ai shi ya san ɗakin da ka, bai taɓa buƙatar buɗe shafin ba.

A wani ƙauye a gindin duwatsu kuwa akwai wata mata, Mama Rifkatu, malamar firamare ce da ta yi ritaya. Yarensu ƙarami ne, masu jinsa ba su da yawa. Tsofaffin matan garin suna da waƙoƙin yabo da iyayensu suka tsara cikin yaren tun lokacin da bishara ta fara shigowa yankin, amma matasa sun koma waƙa da Hausa da Turanci. Abin ya dami Mama Rifkatu ƙwarai. Da majami'arsu ta sami kwamfutar Rumbu, sai ta roƙa a ba ta aro, ta shiga bin tsofaffi gida gida tana naɗar muryoyinsu, tana rubuta kalmomin. Ta tara waƙa ɗari da arba'in da uku. Talatin da takwas daga ciki daga bakin mutum ɗaya suka fito, wata tsohuwa da ake kira Kaka Laraba, wadda ba wanda ya san waɗannan waƙoƙi sai ita. Wata huɗu bayan an gama naɗar muryarta, Kaka Laraba ta huta.

Mama Rifkatu mace ce mai bin ƙa'ida. Shekara talatin da biyar tana gaya wa yara su karanta umarni kafin su amsa tambaya, ba ita za ta karya wannan doka ba. Ta buɗe shafin jagorar Ma'aji, ta sa tabarau, ta karanta daga sama har ƙasa. Ta kwafe layin ƙarshen a littafinta da jan biro. Ta nemi ɗakin da aka ce, ba ta ga fayil ɗin ba, ta ƙirƙira kamar yadda aka ce. Ta rubuta a ciki cewa a riƙa ajiye mata kwafi a filashi, wato ɗan abin ajiyar nan mai kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta a gefe. Kowace Juma'a sai ta soka filashin, ta danna Ma'aji, ita kuma ta rubuto mata: An ajiye. Sai ta zare shi, ta naɗe a hankici, ta sa a cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Ba ta taɓa buɗe shi ta leƙa ba, don tsoron kada ta ɓata wani abu.

Ma'aji ba ƙarya take yi ba. Tana ajiyewa. Sai dai ita a sabon ɗaki take neman umarninta, Mama kuwa a tsohon ɗaki ta ajiye nata, inda ba mai leƙawa. Da manhajar ba ta ga umarnin kowa ba, sai ta riƙa ajiye kwafin a cikin kwamfutar kanta. Daidai yake da mutum ya yanka makulli na biyu, ya rataye shi a cikin ɗakin da ya kulle.

Da damina, ran wata Laraba, Mama tana wurin taron zumuntar mata, hadari ya taso da iska mai ƙarfi, ya yaye kwanon ɗakinta. Kafin ta dawo ruwa ya cika ɗakin, kwamfutar tana kan tebur tana ɗiga. Aka shanya ta, aka kai wa mai gyara a garin da ke kusa, ya buɗe ya girgiza kai. Mama ba ta ko tayar da hankali ba. Ta ce ai akwai filashi. Mai gyaran ya soka shi a tasa kwamfutar, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, “Mama, babu komai a ciki.”

Bayan mako uku ta shiga mota ta zo birni, ta yi ta tambaya har aka nuna mata ofishin masu Rumbu. Ranar Malam Filibus ya yi tafiya, sauran sun fita kai kaya, Habila kaɗai ta tarar. Ya tashi ya karɓi jakarta, ya ba ta kujera, ya kawo ruwa. Suka gaisa, ta tambayi iyali da aiki, sa'an nan ta kwance hankicin ta ajiye filashin a kan tebur, ta ba shi labari tun daga farko.

Ta ce, “Ɗana, ba ƙara na kawo ba. Na san ni ce na yi kuskure. Tsufa ne, kai ba ya riƙe abu kamar dā. So nake kawai ka nuna mini inda na kauce, don in daina juya abin a raina.”

Ta buɗe littafinta ta miƙa masa. Rubutun malamar makaranta, kowane harafi a tsaye. Habila ya karanta layin jan biron, ya ga tsohon adireshi. Har ya buɗe baki zai ce, ai Mama nan ne kika yi kuskure, ba wannan ɗakin ba ne. Sai wani abu ya tsayar da shi. A ina tsohuwar da ke ƙauye za ta san sunan ɗakin da aka daina amfani da shi? Ya juya ga kwamfutarsa, ya buɗe shafin jagorar Ma'aji, karo na farko tun ranar shinkafa da wake. Ya gangara ƙasa. Ga shi nan, rabi a ƙarshen layi, rabi a farkon na biye. Ya dubi littafin, ya dubi shafin. Ko ɗigo ɗaya ba ta kuskure ba.

Ya kuwa ga ƙofar fita a buɗe, Mama da kanta ta buɗe masa ita. Ba kowa a ofis. Yana iya cewa, ayya Mama, abin kwamfuta sai haƙuri, ya raka ta tasha, ya dawo ya gyara layin shiru, ba wanda zai taɓa sani. Mama tana zaune ta haɗa hannuwa a cinya tana jira a gaya mata laifinta.

Sai ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabanta. Ya ce, “Mama, ba ki yi kuskure ba. Abin da aka rubuta shi kika yi, daidai da daidai. Rubutun ne ba daidai ba, kuma ni aka ba aikin gyara shi. An ce in karanta, na ce zan karanta, ban karanta ba.”

Ta dube shi. Ta ce, “Sake faɗa.”

Ya sake faɗa, ya juyo mata da allon kwamfutar ya nuna mata layin da yatsa.

Mama Rifkatu ta cire tabarau ta share ido da bakin gyale. Ta ce, “Ashe ba kaina ne ya lalace ba. Mako uku ke nan na ce a daina ba ni karatu a sujada, don ina tsoron zan rikice a gaban jama'a. Ko gishiri zan sa a miya sai na kira maƙwabciya ta duba mini.”

Habila ya kasa ɗaga kai. Ya ce, “Ki gafarta mini, Mama.”

“Na gafarta maka, ɗana, har ga Allah. Amma ka sani gafarata ba za ta dawo da muryar Laraba ba.” Ta mai da tabaraunta. “Kwamfuta nawa kuka raba da wannan rubutun a ciki?”

“Sittin da huɗu.”

“To, me kake yi a ƙasa? Tashi ka gyara. Akwai masu karantawa a bayana.”

Ya tashi ya gyara. Bai kai lokacin da mutum zai shanye kofin ruwa ba. Sa'an nan ya koma saman shafin ya karanta shi duka, yana bin kowane adireshi ɗaki ɗaki kamar baƙon da bai taɓa shiga gidan ba. Da Malam Filibus ya dawo, Habila ya gaya masa kome bai rage ba. Suka raba ƙauyukan a tsakaninsu, suka bi su ɗaya ɗaya. A wuri goma sha tara suka tarar da filashi a naɗe, an adana shi da kyau, babu kome a ciki. Dukansu na mutanen da suka karanta shafin ne suka yi biyayya. Waɗanda ba su karanta ba sun san ba su da ajiya, suna ta kaffa-kaffa da kayansu.

Mama Rifkatu ta koma gida, aka ba ta wata kwamfutar, ta sake bin tsofaffin da suka rage. Yawancin waƙoƙin sun dawo. Cikin talatin da takwas na Kaka Laraba, tara ta iya tunawa. Ashirin da tara sun tafi.

Ma'anar wannan misali ita ce, shafin jagoran nan shi ne abin da muke gaya wa waɗanda ke bin bayanmu: 'ya'yanmu, sababbin masu bi, da duk wanda ya ɗauki maganarmu da gaske. Habila kuwa mu ne, mu da muka daɗe a cikin gidan Allah har mun san ɗakunan da ka. Saboda mun san hanya, mun daina duba kwatancen da muke ba wasu. Kwatancen ba ya cutar da mu, don ba ma bin sa.

Layuka goma sha ɗayan su ne abubuwan da muka gyara, kuma gyaran gaske ne. Mun daina abin da muke yi dā, muna zuwa sujada, muna cikin ƙungiyar mawaƙa, gaisuwarmu ma ta zama ta masu bi. Zuciya takan ƙirga mana su ta ce, goma sha ɗaya, ai ka yi ƙoƙari. Amma layi na goma sha biyu shi ne wanda wani zai taka da ƙafarsa. Uba ya ce wa ɗansa, in ka yi laifi zo ka gaya mini gaskiya, ba abin da zai faru. Yaron ya zo, ya tarar da bulala. Mu dattawan ikilisiya mukan tsaya a nan gaba mu ce, duk mai damuwa ƙofarmu a buɗe take. Gwauruwa ta zo sau uku, kullum muna cikin mitin. Uwa ta ce wa 'yarta, ni ce abokiyar shawararki, ranar da yarinyar ta buɗe baki, kafin yamma maƙwabta sun ji. Lokacin da muka faɗi maganar, da gaske muke. Daga baya ne muka kwashe kayan muka sauya ɗaki, muka bar rubutun yadda yake.

Ku lura da abu biyu. Na farko, adireshin da ba daidai ba ba ya yin ƙarar gargaɗi. Shekara biyu Ma'aji tana cewa an ajiye, kowa na cikin kwanciyar rai, sai ranar da ruwa ya shigo. Na biyu shi ne ya fi ci mini rai: mai biyayya ne ke shan wahalar. Yaron da ba ya jin magana ba zai zo ƙofar ba balle ya tarar da ita a rufe. Wanda ya gaskata ka shi zai zo, kuma in bai same ka ba, ba kai zai zarga ba. Zai koma ya ce shi ne bai isa ba, ko kuwa ya ce Allah ma haka yake. Nan ne asarar ta fi girma, gama Ubangiji bai taɓa sauya ɗaki ba. Inda ya ce a same shi, nan yake. Mu ne muke sa mutane su yi shakkar kwatancensa saboda namu ya kai su wurin da ba kowa.

Habila ya yi daidai da ya durƙusa, gafara kuma ta samu. Amma waƙa ashirin da tara ba su dawo ba, kuma gyaran da zai cece su bai kai shan kofin ruwa ba. Saboda haka kada ka tambayi zuciyarka nawa ka gyara, ita kullum goma sha ɗaya za ta ce maka. In ka koma gida yau, ka nemi wanda ya fi kowa yarda da maganarka, ko ɗanka ne, ko matarka, ko wanda ka kawo ga bangaskiya. Ka zaunar da shi ka ce, “Ranar da ka zo inda na ce ka zo, ka same ni?” Sa'an nan ka rufe bakinka, ka ji amsar har ƙarshe.